Kifin Rifkatu da A-kori-kurar Ishaku

Tun da na dawo daga Yawuri ban samu sakat ba. A bakin coci, a wurin mai shayi, har a kan hanyar gona, kowa sai ya tare ni: "Saje, yaya Yawuri? An ce kun sha hanya." Suna tambaya suna danne dariya, don na san Ishaku ya riga ya zagaye unguwarmu Rikoto da nasa labarin, wanda a ciki shi ne gwani. To ga nawa. Duk wanda ya sake tambayata bayan wannan, takarda zan miƙa masa.

Rifkatu matata ce, Ishaku ƙaninta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana bina bariki-bariki. Duk inda ta shuka ko da yakuwa ce a bayan ɗaki, kafin ta kai tsinka sai a ce an yi mana canjin wuri, mu naɗe tabarma. Da na ajiye kaki muka dawo gida, abu ɗaya ta roƙe ni, in bar mata bayan gida ta yi tafkin kifi. Ita da matan zumuntar coci suka haƙa shi da hannunsu, aka shafe shi da siminti, ta cika shi da ruwan rijiya guga-guga. Abin da ya rage shi ne 'ya'yan tarwaɗa, jarka shida, da ta sa aka ƙyanƙyashe mata a Yawuri. Ta so ta je da kanta, ni na hana. Na ce mutumin da ya ja ayarin motocin soja cikin daji ba zai kasa kawo kifi ba. Ku riƙe wannan magana.

Motar da muka ɗauka a-kori-kurar Ishaku ce, wata tsohuwar fara da ba ta saba wuce kasuwar Mahuta da ta Kanya ba. Ban yi shakkarta ba, don na san ƙarfinta. Da kaka ni na are ta, na shimfiɗa zangarniyar dawata a kan fa, na yi ta zagaye a kai da mota har ta bugu tas cikin wuni biyu. Rifkatu ta ce in kira gayya a buge da sanda kamar yadda kowa ke yi, na ce wannan aikin mutanen da ne. Shi kuwa Ishaku, saura mako guda tafiya ya yi wa motar wanka ciki da waje, har gabanta ya kwarara wa ruwa, ya ajiye ta a ƙarƙashin mangwaro kada ta yi dauɗa. Kai ka ce amarya za mu kai.

Mun tashi da safe cikin bazara. Har Dabai allurar da ke nuna zafin inji tana tsakiya. Muna wuce Mahuta ta fara hawa. Ishaku bai ko damu ba. Ya tsaya, ya ɗauko galan, ya watsa wa gaban motar ruwa ta waje, ya dawo ya zauna.

"Haka take, Yaya," in ji shi. "Tun bayan kaka take son wanka."

"Mota ce ko akuya?" na ce.

"Kai dai ka yi shiru ka ga aiki."

Allura ta ɗan sauka, ya dube ni kamar wanda ya ci gasa.

Gaba kaɗan muka iske shingen 'yan sa-kai. Suka leƙa baya suka ga jarkoki babu komai ciki, nan take fuskokinsu suka canza, don a wannan hanya mai jarka da yawa ana zarginsa da kai wa mutanen daji fetur. Na ce ni tsohon soja ne. Babbansu ya ce duk wanda suka tsayar a ranar tsohon soja ne. Na ce kifi za mu ɗauko. Ya ce kifi a jarka? Sai da na sa shi ya hau ya ga an yanke kan kowace jarka an bar ta a buɗe, na tambaye shi ko ya taɓa ganin mai fetur da irin wannan wauta. Ya yi dariya ya ɗaga itace. Rabin awa ta tafi a banza.

A Koko allura ta kusa ja, muka shiga wurin wani makanike a bakin tasha. Ban san sunansa ba, kuma ba na son in sani. Mutumin nan ko durƙusawa bai yi ba. Ya kwance tiyon sama, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba, wanda ke tsare ruwa har inji ya ɗumama kafin ya sake shi, ya ɗaga mana shi kamar ya kama ɓarawo.

"Wanga abu na ƙasar sanyi ne," in ji shi. "Mu nan mi za mu yi da shi?"

Ya jefar da shi cikin tarkace, ya zubar da koren ruwan da ke cikin lagireto, ya cika shi da ruwan kwano. Na ce koren ruwan nan shi ke hana tsatsa da saurin tafasa. Ya ce in na fi shi sani in karɓi sifana. Ishaku ya taka mini ƙafa, na ja gefe. Muka lallaɓa, tsayawa uku da wanka uku, muka shiga Yawuri da la'asar.

Mutanen Yawuri sun ba ni mamaki. Mu a Zuru idan ana son sanin mutum, rumbunsa ake dubawa. Su kuwa jirgi da koma. Mu sama muke kallo muna jiran hadari, su kogi suke kallo, suna hira a kan ruwa ya ƙaru ko ya ragu kamar ana maganar lafiyar wani dattijo. Malam Alu mai ƙyanƙyasar kifi ya sauke mu a zaurensa, ya karɓe mu hannu biyu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na yaba. Aka ƙaro gasasshen kifi. Na yaba. Da na tambayi abin da za a karya da shi da safe, aka ce romon kifi. Ni da na saba da tuwon dawa mai riƙe ciki har azahar, sai na ji kamar na ci iska. Ga zafi mai ɗanɗanon ruwa, ga sauro da ba ya jiran magariba.

Malam Alu mutum ne mai maganar natsuwa. Ya nuna mana 'ya'yan tarwaɗar, kowane bai wuce ɗan yatsa ba, baƙaƙe, suna ta wutsil-wutsil. Ya ce tun jiya ya hana su abinci don kada su ɓata ruwan tafiya. Ya ɗiga manja kaɗan a kowace jarka saboda kumfa. Sannan ya cika wasu jarkoki biyu masu murfi da ruwan tafkinsa.

"Saje, wanga ruwa shi ne ransu," in ji shi. "In kun ga kumfa ta taso, ko sun ɗago kai sama suna haki, ku rage na ciki ku ƙara wanga. Kada ku ba kowa shi. Kuma ku tashi da asuba, rana ita ce abokiyar gabarku."

Da asuba na shirya. Ishaku ya ɓace. Sai da hantsi ya dubi ludayi ya dawo da ƙullin busasshen kifi, wai matarsa ta ce kada ya kuskura ya koma hannu wofi. Ban zage shi ba saboda muna gidan mutane. Na adana zagin sai mun hau hanya.

Ban samu damar amfani da shi ba. Yanzu motar na ɗauke da ruwa jarka takwas, rana ta fito da ƙarfinta, kafin mu yi rabin hanyar Koko allura ta kwanta a kan ja. Ishaku ya tsaya, ya buɗe bonet, kafin in ce "kada" ya murɗe murfin lagireto da tsumma. Ruwa ya yi tsiri sama kamar an fasa famfo, ya sha shi a damtse. Ya yi ta tsalle a bakin titi yana kiran sunan uwarsa. Na tausaya masa, amma ba sosai ba. Mutum ya shekara goma da mota bai san ba a buɗe ta tana tafasa ba.

Muka jira inji ya huce, muka zuba ruwan shanmu duka, bai kai ko'ina ba. Sai na ga Ishaku yana kallon jarkokin Malam Alu.

"Ko da wasa," na ce.

"To Yaya, mu zauna nan. Kifi su dahu a baya, mu mu dahu a gaba."

Haushin da na ji shi ne yana da gaskiya. Jarka ɗaya ta shiga cikin mota.

A Koko muka koma wurin mutumin jiya, don babu wani a kusa. Ya saurari inji da kunne ɗaya ya ce gasket ya ƙone, sai an buɗe kan inji, aikin kwana biyu. Kwana biyu, da kifi a baya! Nan na tuna abin da wani tsohon makanikenmu na bariki ya koya mini. Na zaro sandar gwada baƙin mai na nuna masa: mai baƙi ne sumul, da ruwa ya shiga da ya koma kamar kunun gyaɗa. Na zagaya baya, babu farin hayaƙi a salansa. Na sa Ishaku ya tayar da inji murfi a buɗe, tunda ya huce, ruwa bai yi ɓul-ɓul ba. Na ce gasket lafiyarsa ƙalau. Fanka na juyawa, fambel a ɗaure tam, ƙasan mota a bushe, babu tiyon da ke ɗiga.

Makanike ya dube ni, ya dubi Ishaku, ya aika aka sayo ɗanyen ƙwai ya fasa cikin lagireto. Wai in akwai ƙaramin yoyo da ido ba ya gani, ƙwan zai dahu ya toshe shi. Na ce babu yoyo. Ya ce to ai bai ɓata komai ba. Wallahi da ina cikin kaki da na sa shi tsallen kwaɗo.

Daga Koko zuwa Mahuta ba zan so wa maƙiyina ba. Mu yi tafiya kaɗan, allura ta hau, mu tsaya. Ishaku ya roƙi ruwa a ƙauye ya watsa wa gaban mota, mu ƙara gaba. Ni kuma kowace tsayawa sai in haye baya in leƙa jarkoki. Na rufa musu buhuna, amma rana ta tsaya a tsakiyar kai. Kumfa ta taso. Na ga sun ɗago kawuna suna buɗe baki. Na rage ruwansu na ƙara rabin jarkar da ta rage, na yi ta kallon wasu sun juya farin ciki sama. Ina tsame su da hannu ina jefarwa cikin ciyawa, waya ta yi ƙara.

"Baban Talatu, kun kusa?" Muryar Rifkatu ce. "Mata sun taru tun ɗazu."

"Muna hanya," na ce. "Komai lafiya lau."

Na kashe waya, na ji kunyar kaina. Ban taɓa jin tsoron komawa gida ba sai ranar.

Saura kaɗan mu shiga Mahuta tururi ya taso daga bonet, muka gangara ƙarƙashin wata ɗorawa inda wata tsohuwa ke sayar da kunun zaƙi. Daga baya na ji ana kiranta Mama Kande. Ruwan Malam Alu saura rabin jarka. Ishaku ya nufi jarkar, ni kuwa na haye na zauna a kanta.

"Sai dai ka zuba ni a lagireton," na ce.

Muna cikin cacar baki, tsohuwar ta taso da ludayinta a hannu, ta zagaya gaban mota tana shinshina.

"'Ya'yana, wa ke dahuwar burkutu a cikinku?"

Ishaku dattijon coci ne, ko warin abin ba ya so a jingina masa. Ya miƙe da ƙonannen hannunsa.

"Mama, ki iya bakinki. Kifi muka ɗauko."

"Kifi na baya, na ji shi. Ni gaba nake faɗi. Tsiro ke dahuwa a nan."

"Wane tsiro a cikin inji?"

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake jiƙa dawa ta tsira in dama kunu. In ban san komai ba na san warin tsiro a kan wuta."

Na so in ce ta koma wurin kununta, don na gaji da masana. Amma na sauko na sa hanci, sai na ji shi: wani ɗan zaƙi-zaƙi mai tsami, ba na mai ba, ba na roba ba. Na jira inji ya ɗan huce na sa Ishaku ya tayar. Na tsinko ganye na ɗora a ragar gaba. In fanka na jan iska yadda ya kamata, ganye zai manne. Ya faɗi ƙasa. Na sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Fanka na ta juyi tun jiya, ashe babu iskar da take samu. Duk mun duƙufa a kan ruwa, babu wanda ya tambayi iska.

Muka kashe inji, muka kwance ragar gaba. A gaban lagireto akwai wata ragar ƙarfe ta na'urar sanyaya mota da ta mutu tun kafin Ishaku ya saye ta. Ta waje tsaf take, shi ya sa ba wanda ya yi zargi. Muka sassauta ta muka ɗaga. Tsakaninta da lagireto, daga sama har ƙasa, wani abu ne a daskare kamar tubali: ƙaiƙayi da ƙasa da ƙwayar dawa, an jiƙa an bushe, an jiƙa an bushe. Kowane wankan da Ishaku ke yi mata ƙara yaɓe shi yake. A can ƙasa, inda laima ta zauna mako guda a ƙarƙashin mangwaro, dawa ta fitar da fararen saiwoyi, zafi ya dafa su sun yi ja.

Mama Kande ta ce, "To."

Ishaku ya ɓantaro gefe ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya hura. Jajayen ƙwayoyi suka rage. Ya daɗe yana kallonsu.

"Yaya," in ji shi a hankali, "wannan ba jar dawar gonarka ba ce?"

Ita ce. Duk Rikoto ni kaɗai na shuka irinta bara. Wuni biyu ina zagaye a kan fa, fanka na zuƙar ƙaiƙayi tana cusawa a wannan rami, ni ina fito ina jin daɗin na fi masu sanda wayo. Tun daga Yawuri nake zagin Ishaku a zuci, na zagi makanike, na zagi ƙwai, na zagi rana. Na karɓi muciyar Mama Kande na ɓamɓaro tubalin ya fito kusan guda, na ajiye shi a bayan mota. Ta ba mu tsintsiya muka share haƙoran lagireto a hankali don kada su lanƙwashe, muka wanke daga ciki zuwa waje. Ta ba mu ruwan randarta muka cika mota, rabin jarkar Malam Alu ya tafi wurin kifi, masu shi. Na ɗora ganye, ya manne kamar an liƙa. Daga nan har Zuru allura ba ta kai rabi ba.

Mun iso rana ta yi sanyi. Matan zumunta sun gaji sun watse, saura biyu. Rifkatu ta hau baya da kanta ta leƙa. Jarka biyu na ɓangaren rana babu mai motsi ko ɗaya. Sauran huɗun da sauran rai, amma kowace da nata matattun. Ta ɗauko rariya ta durƙusa, tana tsame su ɗaya-ɗaya tana zubawa a kwano, tana kai masu rai cikin tafki da tafin hannu kamar masu fashewa.

Ishaku ya tsaya gefe yana hura damtsensa, bai tona mini asiri ba. Ya bar mini ƙofa a buɗe. Da na ce motarsa ce ta lalace, da an yarda, don kowa ya san tsohuwa ce. Na je na ɗauko tubalin na ajiye a gabanta, na faɗa mata abin da yake da inda ya fito. Na kuma faɗa mata abin da ban faɗa da kaka ba: ban kira gayya ba ne don tun da na dawo ban je ta kowa ba, ina ganin Saje ya wuce riƙe fartanya a gonar wani, na kuma ji tsoron in kira a ƙi zuwa.

Ta juya tubalin, ta taɓa saiwoyin da suka dahu. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji ta, "duk abin da na shuka, aikin soja ke raba ni da shi. Na ɗauka mun baro shi a bariki. Ban san ya biyo mu gida ba."

Ta ci gaba da tsame kifinta.

Tubalin yana nan a falo. Ta rataye shi da igiya a ƙarƙashin hotona mai kaki, ta ce kada a taɓa. Ishaku ya sayi sabon ɗan ƙarfe a madadin wanda aka jefar a Koko, an wanke masa ƙwai daga lagireto an zuba koren ruwa, kuma ya ce ko allura zan ɗauko kada in sake aron motarsa. Kifin da suka tsira sun kai tsawon tafin hannu, ni ke ja musu ruwa kowace safiya, guga arba'in, ba tare da an ce in yi ba. Da ruwan farko ya sauka aka kira gayya a gonar maƙwabcinmu, na riga kowa isa, har mai gonar ya tambaye ni ko ɓatan hanya na yi.

Jarka biyun da suka mutu kuwa, Malam Alu ya ce zai sake ƙyanƙyashe mata. Da na ce yaushe za mu je, Rifkatu ta ce ita da mata biyu za su tafi, a motar haya, da asuba. Ni an ce in zauna in tsare tafki.